Ƙasusuwan Aduwa

Labarin ya same ni a gindin ceɗiyar da ke ƙofar gidanmu a Wurno, bayan azahar, ina riƙe da guntun icen aduwa da bai kai ɗan yatsa ba. Bazara ce. Gari ya yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, ko ganye ba ya motsi. Na hango mutum tafe ta hanyar Achida yana tura keke maimakon ya hau, da buhu ɗaure a bayan keken. Sai da ya matso na gane shi. Ɗan Rabah ne, abokin ƙanena, wanda suke makarantar koyon aikin likita tare. Na duba bayansa, ban ga kowa ba.

Ya jingine keken, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, ba bisa tabarmar da na nuna masa ba. Mutum ne mai surutu, ko gaisuwa sai ya sa mata barkwanci. Ran nan ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya tsaya yana duban ɓarɓashin icen da ke zube gabana.

Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Allah ya amshi abinai."

Na ce, "Mi yas same shi?"

"Sanƙarau."

Na ji bakina ya yi innalillahi, amma hannuna bai tsaya ba. Na ci gaba da goge guntun icen nan da yashi ina juya shi, har sai da ya miƙo hannu ya dafa nawa. Ya ce an yi wa ƙanena sutura can cikin mutane, shi da kansa yana cikin waɗanda suka ɗauka. Sannan na tashi na shiga wurin Inna. Buhun ya kwana a zaure ba wanda ya kwance shi.

Gidanmu gidan masassaƙa ne. Turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, allon karatu, su muke yi tun kakanni. Da Baba ya rasu ni na ɗauki gizagonsa. Ciwon ciki ne ya murɗe shi, aka ɗora shi a jaki za a kai shi asibiti Sakkwato, bai wuce Achida ba. Ƙanena kuwa tun yana ƙarami aka zo daga gidan hakimi aka sa shi makarantar boko. Lokacin Turawa ke da ƙasa, ba a cewa a'a. Inna ta yi kuka, daga baya ta daina, don ta ga bokon bai raba shi da allonsa ba. Yana da irin kan nan da abu ke shiga ya zauna. Da aka ce an zaɓe shi ya tafi can gabas, garin da jirgin ƙasa ke zuwa, ya koyi aikin likita, in ya gama a dawo da shi ya riƙe ɗakin magani a ƙasarmu, abin da Inna ta faɗa bai fi kalma kaɗan ba: "Da ubanku ya samu wanga."

Karatu iri ɗaya ya sani, irin wanda muka gada a zaure. A ɗauki littafi daga farko, a biya, a maimaita, ba a wuce shafi sai ya zauna a ka. Haka ya yi wa littattafan Turawa. In ya zo hutu yakan zauna kusa da ni gindin ceɗiya, ya lanƙwashe ƙafa, yana rangaji yana karanta Turanci da muryar tilawa. Ban san abin da yake faɗa ba, amma sautin kan bi bugun gizagona, har in rasa wanda ke bin wani. Inna takan hana matan gida daka in ta ji shi, wai kada a katse masa.

Wata shekara da kaka ya dawo ba kamar yadda ya saba ba. Ya rame, ya rage magana, littafin ma bai fito da shi ba. Na zuba masa ido ban tambaya ba. Sai da ɗan Rabah ya zo gaishe mu maganar ta fito. Muna cin tuwo su biyu da ni, ya ce:

"Yaya, ka san ƙanen ga naka ya haddace littahin likita daga bango har bango? Ko Baturen da ka koya muna in ya mance wuri, shi shika duba."

Na ce, "To mi ad damuwa?"

"Ya hwaɗi jarrabawa."

Ƙanena ya ce, "Ci tuwonka."

"Ina ci ai. Bakina na iya aiki biyu, ba awa hannun wasu ba."

Ya bayyana mini. A makarantar akwai ɗakin littattafai, akwai zagayen marasa lafiya da ake bin likita a baya, akwai kuma wani akwati da ke cike da ƙasusuwan mutum, na gaske, wanda ɗalibai ke ɗauka su zauna da shi. Jarrabawa kashi biyu ce. A ta takarda ba wanda ya kamo ƙanena. A ɗayar kuwa likita kan ɗauko ƙashi ya sa maka a hannu, ya ce wanne ne, na dama ne ko na hagu, ina tsoka ke kama shi. Da aka zo kan ƙanena sai ya mai da hannuwansa baya.

"Awa wanda anka kama da satar albasa," in ji ɗan Rabah. "Ya tsaya ya karanto shahin dut, har da lambatai. Baturen ya bari har yak kai aya, sannan yac ce, ni ba littahi nat tambaya ba."

Na dubi ƙanena. Ya aje lomar da ya ɗebo.

Ya ce, "Mutum na, Yaya. Mutum na anka tara cikin akwati ba a yi mai sutura ba. Wata ta haihe shi. Su waɗanga suna jehwa ma juna ƙashin cinyatai awa taɓarya."

"Ni ban taɓa jehwawa ba," in ji ɗan Rabah. "Miƙawa nika yi, da ladabi."

Ba wanda ya yi dariya. Shi ɗan Rabah littafi ba ya zama a kansa, da ƙyar ya haye ta takarda, amma yakan wuni da akwatin, har ya san kowane ƙashi da ido rufe. Shi ya wuce. Ƙanena an ba shi dama guda, kafin damina. In ya sake faɗuwa za a sallame shi ya koma mai wanke miki a ƙarƙashin wani, ɗakin maganin kuma a ba wa wanda ya ci.

Bayan tafiyar baƙon na ce ya nuna mini littafin. Ƙarami ne, shi kaɗai ake bari su fita da shi, manyan ba sa barin makaranta. A ciki akwai hoton mutum tsaye ba nama, yana fuskantar mai dubawa, tafukan hannunsa a buɗe. Na daɗe ina kallo. Tsoro bai kama ni ba. Abin da na gani shi ne kayan aikina. Ƙashin cinya ƙota ce mai kai a karkace. Ƙugu akushi ne da aka fafe ta gefe biyu. Haƙarƙari kamar bakan da aka jera. Na ce masa, "Wanga ai ina iya yin shi." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi haske a karon farko tun dawowarsa.

Inna ce ta ƙi. "Gunki za ku yi min cikin gida?" Muka ce ba gunki ba ne. Ta ce ba ta jin ta bakinmu, mu tafi Goronyo wurin Kawu, wanta, abin da ya ce shi ke nan.

Tafiyar nan takan dawo mini fiye da sauran. Mun bi gefen fadama da jaki ɗaya muna karɓa-karɓa. Ruwa ya fara janyewa, masu albasa na ta jan kwami, irin ya fito kore shar kamar an shimfiɗa gashi. Balbelu na tashi gabanmu su sake sauka. Gero na tsaye dami-dami a gonakin tudu. Ƙanena na gaba yana tilawar Turancinsa a hankali, muryar na zuwa tana ɓacewa, hasken ruwa na wasa a bayan rigarsa. A tunanina yanzu kamar ba mu taɓa isa ba. Nakan gan mu muna ta tafiya, shi gaba ni baya, gulbi na hannunmu ɗaya.

Amma mun isa. Kawu limamin wani ƙaramin masallaci ne, shi kuma ke wa mazan unguwarsu wanka in sun rasu. Tsoho ne siriri mai son zolaya. Ya saurare mu yana tsefe gemu, ya karɓi littafin ya nisanta shi da idonsa.

Ya ce, "Wanga bawan Allah ya sha azumi."

Sannan ya ce in sassaƙa, ba laifi, tunda gaɓa-gaɓa ne kuma don ilmi. "Amma ban da kai. Kak ka yi mishi huska." Na ce to. Na ɗauka mun gama, sai ya juya ga ƙanena.

"Kai kuma likitan da ke gudun ƙashi. Ka taɓa ganin mahaucin da ke gudun jini?"

"Kawu, ba tsoro na ba."

"Na sani. Da tsoro na da na yi ma tohi ka tahi." Ya buɗe tafukansa. "Hannun ga ya taɓa mamatan da ba ni iya tunawa. Taɓawa ba ita ta wulaƙanci ba. Yadda anka taɓa, shi na."

Ƙanena ya ce, "Kai kana taɓawa don a kai shi makwancinai. Mu muna taɓawa a mai da shi akwati."

Kawu ya daɗe yana duban ƙasa, har na ji kukan wata kurciya a bayan masallaci. Ya ce, "Wagga ba ni da amsa tata." Daga baya ya ƙara, "Sai dai in ni na, in yi alwala kahin in buɗe, in yi mai addu'a. Wataƙila tun da anka sa shi ciki babu wanda yay yi mai."

"Ba a san ko musulmi na ba, Kawu."

"Kai anka ba aikin tambaya cikin kabari?"

Ƙanena ya yi murmushi, amma bai ce ya yarda ba. A hanyar komawa bai yi tilawa ba.

Na je dajin Kwargaba na samo aduwa, wadda muke yin allo da ita. Icenta fari ne mai ɗan rawaya, yana karɓar wuƙa, in an goge shi yakan yi santsi. Sauran hutun nan a gindin ceɗiya muka yi shi. Yana buɗe hoton a kan gwiwarsa, yana karanto abin da littafi ya ce yana mayar mini da Hausa, ni ina sara. Tsawo kuwa a jikinsa nake aunawa da igiyar kaba, daga gwiwa zuwa idon sawu, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, saboda haka mutumin icen ya fito daidai tsawonsa. Ban lura da wannan ba sai daga baya.

Kwanakin sun narke cikin juna. Ina tuna ƙamshin ɗanyen ice, da inuwar ceɗiya tana zagaya mu muna ja da tabarma muna binta. Ina tuna masu wucewa suna tsayawa, wani ya ce muciya ce, wani ya ce ludayin aljanu. Wata tsohuwa ta taya ƙashin cinya, wai zai yi mata dakan yaji. Inna ba ta leƙo ba da farko. Daga baya ta fara kawo fura da kanta ta ɗan tsaya, wata rana ta ɗauki ƙoƙon gwiwa ta aza a kan nata, ta ce, "Ashe nan na ka yi min ciwo." Gaɓoɓin baya na huda su na zura a igiya, ƙanena ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu. Hannunsa da ya ƙi ƙashi ya karɓi ice ba gardama. Yakan rufe ido in miƙa masa, ya shafa, ya faɗa. Na ɗauka mun sami magani.

Sai dai hoton gaba kawai ya nuna. Mutumin littafin bai taɓa juya mana baya ba. Na je wurin mahauta ran kasuwar Achida na roƙi ƙasusuwan rago, muka wanke muka duba, ƙanena ya girgiza kai ya ce rago da ƙafa huɗu yake tafiya, ginin ba ɗaya ba ne. Ni kuma Baba ya hore ni kada in sassaƙa abin da ban gani ba. Saboda haka kowane ƙashi na yi masa gaba sosai, bayansa na bar shi sumul.

Wata la'asar na miƙa masa allon kafaɗa, idonsa a rufe. Ya shafa gaban ya faɗi suna. Ya juya shi. Yatsunsa suka yi ta yawo a kan santsin ba su sami abin kamawa ba.

"Yaya, nan mi ad akwai?"

"Ban gani ba."

Ya ce littafi ya ce akwai tudu da ya ratsa bayan, ya karanto mini wurin ba tuntuɓe, da Turanci da Hausa. Na miƙa masa gawayi na ce ya ja mini inda tudun ya fara da inda ya ƙare, da yadda ya kwanta, ni kuma in sake wani. Ya riƙe gawayin a kan icen. Ya kai shi sama, ya dawo da shi ƙasa. Bai ja komai ba. Ya zauna da allon kafaɗar a cinyarsa har aka kira magariba.

Hutu ya ƙare saura hannun hagu. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu aiki ne mai cin lokaci, na daman ma da ƙyar na gama. Kafin ya tafi ya ɗauki wani allo da ban sayar ba ya zana mini hannun da tawada, na ce in na gama zan ba direban lori ya kai masa. Na raka shi Achida da buhun a kaina. Da zai hau mota ya ce, "Yaya, ka gaida Kawu in ka je." Na ce ai mun gaishe shi. Ya ce, "Ka ƙara."

Bayan tafiyarsa aiki ya taso, masu turame da masu ƙotoci, hannun ya riƙa jira. A watannin nan in na kishingiɗa da rana nakan ga wani mutum fari sol yana tafiya cikin fadamar albasa. Ba ya taka shuka. Ina binsa ina son in ga bayansa, ga shi kuwa bayan ne a gabana, amma ba komai a jiki sai santsi, kamar allon da aka wanke. Ba ya ba ni tsoro. Nakan farka in ji kamar wani ya tashi daga gefen tabarma yanzun nan. Sai bazara ta kama sosai na sami sarari na koma kan hannun, ina cikinsa ɗan Rabah ya zo.

Washegarin zuwansa, da masu gaisuwa suka ɗan ragu, ya jawo buhun ya kwance a gabana cikin zaure. Ya zazzage su a tabarma. Sun yi duhu da maiƙon hannu, kamar ƙotar da ta yi damina. Na ɗauki allon kafaɗa na juya. Tudun na nan. An manna masa wani guntun ice da ƙaro, an gyara shi da ƙaramar wuƙa, ya ratsa bayan a karkace ya fita ta gefe kamar ƙugiya. Na ɗauki ƙashin cinya, an fitar masa da wata doguwar gaɓa a baya. Na ɗauki wani, na ɗauki wani. Duk inda na bari sumul an shiga. Aikin ba na masassaƙi ba ne, wuƙar ta zame a wurare da yawa, akwai inda ya yanke kansa jini ya shiga icen. Amma ko ni da ban taɓa ganin na gasken ba na san wanda ya yi ya gani.

Ɗan Rabah ya ba ni labari a hankali, ba zolaya. Ya ce da suka koma ƙanena ya daɗe yana zagaya akwatin. Wata safiya ya gan shi ya yi alwala ba lokacin salla ba, ya je ya buɗe, ya yi sallama, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, sannan ya sa hannu biyu ya ɗauko. Wasu sun yi dariya, daga baya jifan ƙasusuwan ya tsaya ba wanda ya hana. Tun daga ranar yakan zauna da na gaske a dama, na ice a hagu, littafi a buɗe, yana dubawa yana gyarawa. Ya fara bin likita zagayen marasa lafiya yana taɓa kafaɗun masu rai yana neman tudun nan a ƙarƙashin fata.

"Munka yi musanya," in ji shi. "Shi shina biya min littahi awa malamin zaure, ni ina miƙa mai ƙashi. Yaya, duk wanda yar riƙe abu guda a makarantag ga ya sha wuya, ko littahi ko akwati. Shi na yaz zan na hwarko da yah haɗa su dut. Ƙananan ɗalibai ma na icen sunka hi so, don ana iya tahiya da su ɗaki."

Na ce, "Jarrabawar hwa?"

Ya ce an yi ta. Likitan bai manta shi ba, ya ɗauko allon kafaɗa ya miƙo yana kallon hannunsa. Ƙanena ya karɓa da hannu biyu, ya rufe ido, ya juya shi, ya ce na hagu ne. Ya aza yatsa ya nuna inda kowace tsoka ke kamawa. Bai karanto shafi ba. Kafin sakamako ya fito sanƙarau ya ɓarke a ƙauyukan wajen, aka yi bukkoki bayan gari, aka tura ɗalibai su taimaka. Can ya kamu. Ranar da aka ce ya ci, ɗan Rabah ya je ya durƙusa ya faɗa masa a kunne.

"Ya ji?"

"Ban sani ba, Yaya. Idonai na buɗe. Ban sani ba."

Na shiga na gaya wa Inna ya ci. Ta ce alhamdulillahi, ta juya fuska ga bango.

Akwai abu ɗaya da ɗan Rabah ya bari sai da zai tafi. Muna tsaye gindin ceɗiya yana riƙe da keke, ya ce gyaran nan ba don jarrabawa kaɗai ƙanena ya yi shi ba. Ya taɓa samun likitan ya tambaye shi ko za a bari a binne mutumin akwati. Likitan ya ce kayan gwamnati ne, kuma masu zuwa a baya da me za su koya. Ƙanena ya kawo buhun ya zazzage masa, ya ce ga madadi. Baturen ya daɗe yana juya su, ya ce in suka cika, kuma suka yi daidai, a zo a yi magana. Ɗan Rabah ya ce shi bai san ko da gaske yake ba ko don ya sallame shi ne. Ƙanena dai ya ɗauka da gaske. Ya ce in ya zo gida zai koma Goronyo ya sake tambayar Kawu batun kai, tunda ƙoƙon kai ba shi da ido ba shi da hanci, ko za a kira shi fuska. Har ya sayi farin ƙyalle ya aje.

"In ka ƙare hannun ka aiko min," in ji ɗan Rabah. "Ni zan kai."

Na ce to.

Na je Goronyo da niyyar tambaya. Na sami Kawu a kwance, ya riƙe hannuna yana kuka kan yaron, ban iya ta da maganar ba. Bai ga kakar ba. Ɗan Rabah ya gama, aka ba shi ɗakin magani kusa da mu na ɗan lokaci, yakan biyo ran kasuwa ya gaida Inna, ya dubi buhun da ke rataye a zaure, ya dube ni, ba ya tambaya. Daga baya aka mai da shi nesa. Turawan ma sun tafi. Ban san abin da ya sami akwatin ba.

Ba wuyar aiki ce ta tsayar da ni ba. Ga na daman nan da ya gyara, gaba da baya, abin da ya rage in duba in juya shi. Nakan sauko da buhun da rana in gari ya yi tsit, in jera su a tabarma daga kafaɗa zuwa ƙafa, su kwanta daidai tsawonsa. In aza yatsa in bi sawun wuƙarsa, inda ta zame da inda ta tsaya. Kafin in farga inuwa ta matsa, an kira la'asar, sai in tattara in mayar.

Allon da ya zana yana nan, tawadar ta dusashe amma ana gani. Na gama wuyan hannun da tafin. Yatsun hannun hagu ban yi su ba.